Tsutsa Mai Tara Ƙasusuwa da Ragwancinmu Wajen Tafakkuri

Godiya ta tabbata ga Allah wanda Ya halicci giwa Ya kuma halicci kiyashi, girman giwa bai gajiyar da Shi ba, ƙanƙantar kiyashi kuma ba ta sa Ya mance da shi ba. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya ɗan'uwa mai karatu, zancena na yau a kan wata tsutsa ne da ba ta wuce santimita ɗaya a tsawo ba, wadda ke rayuwa a wani tsibiri da ke tsakiyar tekun Fasifik. A watan Afrilu na 2025 mujallar kimiyya ta Science ta wallafa rahoton wasu masana ƙwari na Jami'ar Hawai, ƙarƙashin jagorancin Farfesa Daniel Rubinoff, game da wannan halitta. Idan tsutsar ta cika kwanakinta takan rikiɗe ta zama ɗan ƙaramin ƙwaro mai fukafukai, irin waɗannan da ke kewaye fitila da dare, 'yan'uwan malam-buɗe-littafi, dangi na nesa kuma ga asun da ke cinye mana tufafi a cikin akwati. Masanan sun yi mata laƙabi da wani suna mai ma'anar mai tara ƙasusuwa, ko da yake kowa ya san ƙwari ba su da ƙashi. Dalilin laƙabin shi ne abin da ya ja hankalina.

Ita dai wannan tsutsa ba ta da wurin zama sai cikin saƙar gizo-gizo, musamman irin saƙar nan mai cukurkuɗewa da ake samu a kogon itace, ko cikin ruɓaɓɓen gungume, ko tsagar dutse. Mai karatu ya san cewa gizo-gizo bai saƙa yanarsa don saukar baƙi ba, tarko ne, kuma duk ƙwaron da ya faɗa ciki abinci ne. To a nan ne ita ta ga wurin kwana. Abincinta kuwa ragowar abin da mai gida ya bari ne, wato gawar ƙwaron da aka tsotse aka yar, ko wanda ya maƙale ya galabaita yana jiran mutuwa. Idan zaren yana ya tare mata hanya takan gutsure shi har ta kai ga abin da take nema.

Yaya aka yi mai gidan bai cinye ta ba? Da yawa daga cikin danginta sukan saƙa wa kansu wani ɗan kube na siliki da suke yawo da shi, kamar yadda katantanwa ke yawo da ƙoƙonta. Ita sai ta ƙara da wani abu. Takan tsinto sassan jikin matattun ƙwari, kan tururuwa, fiffiken ƙuda, ƙafar wani ƙwaron, har da saɓar gizo-gizon da kansa, ta ɗinka su a bayan kubenta ɗaya bayan ɗaya. An samu sassan ƙwari daga dangogi shida daban-daban a jikin kubunan da aka tattara. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne ba ta ɗauka da ka. Sai ta jujjuya guntun, ta auna shi, in ya yi girma ta gaigaye shi har ya yi daidai, sannan ta liƙa. Da aka ajiye ta a ɗakin bincike aka ba ta wasu tarkacen daban, ba ta kula su ba. Hasashen masanan shi ne, idan gizo-gizo ya ji motsi ya rugo ya shafa, abin da zai ji shi ne ɗanɗanon tsohon abincinsa da na fatar jikinsa, sai ya koma. A duk tsawon binciken ba su taɓa samun ko ɗaya da gizo-gizo ya nannaɗe ko ya ci ba. Amma fa ba waliyyiya ba ce. Idan biyu suka haɗu a wuri ɗaya, babbar takan cinye ƙaramar, shi ya sa galibi ɗaya ake samu a kowace saƙa.

Sunan zuriyar da ta fito daga ciki a harshen masana shi ne Hyposmocoma, kuma babu inda ake samun wannan zuriya a duniya sai tsibiran Hawai, waɗanda ke da nisan kusan kilomita 3,800 daga gaɓar Kalifoniya ta Amurka. An riga an rubuta nau'i sama da 350 a cikinta. Mafi yawansu masu kalace ne kawai, suna cin gansakuka da ruɓaɓɓen itace da busasshen ganye, ba wanda ya damu da su. Amma akwai masu ban al'ajabi. A 2005 an bayyana wata a tsibirin Maui da ke ɗaure ƙaramar katantanwa da zaren siliki a jikin ganye, sannan ta cusa kai cikin ƙoƙon ta cinye ta. A 2010 kuma aka bayyana nau'i 12 da ke iya rayuwa a ƙarƙashin ruwan rafukan duwatsu kamar yadda suke rayuwa a tudu, suna ɗaure kansu da zare a jikin dutse don kada ruwa ya tafi da su. Cikin kusan nau'i 200,000 na malam-buɗe-littafi da danginsa da aka sani a duniya, waɗanda tsutsarsu ke cin nama ba su fi kimanin ɗaya cikin dubu ba.

Yanzu ga lissafin da nake so mai karatu ya riƙe. Masanan nan sun shafe sama da shekara 20 suna hawa duwatsu suna leƙa kogunan itatuwa, kuma duk abin da suka iya gani na mai tara ƙasusuwa guda 62 ne. Dukkansu kuma a wani yanki guda na duwatsun Waianae a tsibirin Oahu, wanda faɗinsa bai wuce murabba'in kilomita 15 ba. Wato fili mai kilomita 3 ta nan, 5 ta can. Mai keke zai kewaye irin wannan fili kafin azahar, in da a shimfiɗe yake.

Na san wani zai ce, Malam, mu da muke neman abin da zai ƙara mana imani, me ya haɗa mu da tsutsar Hawai? Amsata ita ce, wannan tambayar ita ce ciwon da nake son in taɓa. Mu matasan Musulmi da ke zirga-zirga a intanet mun ƙirƙiro wa kanmu wani irin tafakkuri mai arha. Hoton tumatir da aka ce sunan Allah ya fito a cikinsa, hoton gajimare, hoton itatuwan da aka ce sun jeru sun rubuta kalmar shahada, hoton wata halitta da aka ce yarinya ce ta wulaƙanta Alƙur'ani aka shafe ta. A da ta imel ake turo su, yau ta WhatsApp da Facebook, kullum kuma da gargaɗin cewa wanda bai tura wa mutum goma ba ya kuka da kansa. Da yawa daga cikin waɗannan hotuna aikin hannu ne ko aikin kwamfuta, kuma yanzu da na'ura ke ƙaga hoto cikin daƙiƙa kaɗan abin ya ƙara muni. Mukan rubuta Subhanallah a ƙarƙashi mu wuce, alhali ba mu kalli komai ba. Ga wasu mutane kuma can, waɗanda ba don neman lada suka fita ba, sun ba da shekara 20 na rayuwarsu wajen duban wata aya ta gaskiya da Allah Ya ajiye a kogon itace. A ganina su ne suka yi aikin kallon da aka umarce mu da shi, mu kuwa muka tsaya a kan lafazin tasbihi ba tare da abin da ke haifar da shi ba. Kuma wa ya fi cutar da addini, tsakanin wanda ya yi shiru da wanda ya kafa masa hujja da ƙarya? Ranar da yaron da ka tura wa hoton jabu ya gano jabu ne, shakkarsa ba za ta tsaya a kan hoton ba.

Alƙur'ani bai koya mana raina ƙananan halittu ba. Surori uku a cikinsa sunayen irin waɗannan halittu suke ɗauke da su, ta ƙudan zuma da ta tururuwa da ta gizo-gizo. Malaman tafsiri sun ruwaito cewa lokacin da Allah Ya buga misali da ƙuda da gizo-gizo, masu ƙaryatawa sun yi izgili, suna ganin waɗannan abubuwa sun yi ƙasƙanci da a ambace su a cikin wahayi, sai aka mayar musu da martani a aya ta 26 ta Suratul Baƙara da ambaton sauro. Ke nan ɗaga hanci a kan ƙwaro tsohuwar ɗabi'a ce, kuma mun san ɗabi'ar su wane ne. Duba kuma irin ayyukan da aka ɗora wa masu cin tarkace a tarihin annabawa. A Suratu Saba'i, aljanu sun ci gaba da wahalar aiki ba su san Annabi Sulaimanu (AS) ya rasu ba, sai da wata 'yar halittar ƙasa ta cinye sandar da yake dogare da ita, da haka ƙaryar sanin gaibu ta tonu. A Suratul Ma'ida, hankaka ne ya nuna wa ɗan Adam yadda zai binne ɗan'uwansa. A sira kuma, takardar ƙaurace wa Banu Hashim da Ƙuraishawa suka rataye a cikin Ka'aba, wadda ta jefa Manzon Allah (SAW) da danginsa cikin yunwa ta kusan shekara uku, gara ce ta cinye ta. Raina kama ka ga gayya, in ji Bahaushe.

Magabatanmu sun fahimci wannan fiye da mu. Al-Jahiz na Basra, wanda ya rasu a shekara ta 255 bayan hijira, ya rubuta Kitabul Hayawan mai mujalladai da yawa, ya cika shafuka da zancen tururuwa da ƙuda da sauro, yana kuma gwada wasu abubuwan da kansa maimakon ya dogara da ji. Ad-Damiri na Masar, malamin fiƙihu na mazhabar Shafi'i da ya rasu a 808 bayan hijira, ya jera dabbobi bisa haruffa a Hayatul Hayawan, yana kawo siffar kowace da hukuncinta. Akwai tatsuniyoyi a cikin littattafan nan da ilimin yau ya wuce su, wannan gaskiya ne. Abin lura a wurina shi ne babban malami bai ga zubar da girma ba ne ya zauna ya rubuta babi a kan ƙwaro. A yau kuwa, ɗalibin da aka ba gurbin karatun ilimin ƙwari ko na dabbobi a jami'a yakan dawo gida kamar wanda aka yi wa rasuwa, domin likitanci ya nema.

A nan dole in ja wa kaina da mai karatu birki. Da jin cewa wannan tsutsa a gidan gizo-gizo take zaune, wani zai yi wuf ya jawo aya ta 41 ta Suratul Ankabut, wadda ta siffanta gidan gizo-gizo da rauni, ya ce ga mu'ujizar kimiyya ta bayyana. Ina roƙon kada a yi haka. Ayar misali ce game da wanda ya riƙi wasu majiɓinta ya bar Allah, kuma ma'anarta a fili take tun ranar da ta sauka, ba ta jiran wani rahoto daga Honolulu ya gaskata ta. Rahoton kimiyya yakan canza, gobe wani ya zo ya gyara abin da na jiya ya faɗa, kuma wanda ya ɗaure aya a jikin rahoto to ya ɗaure ta a jikin abin da ke motsi. Ya ishe mu mu dubi halittar a matsayinta na halitta, mu ga yadda aka shiryar da ita zuwa ga abin da zai raya ta, ba tare da malami ko uwa ta koya mata ɗinki ba. Ba zan iya wucewa ba kuma sai na yi murmushi a kan cewa mu ma Hausawa yanar gizo muka raɗa wa intanet. Wanda ya raɗa sunan ya yi basira, ko da gangan ko ba da gangan ba. Bambancin kawai, ita tsutsar ta san cewa a cikin tarko take.

Sai batun ƙyama. Abin da ke fara zuwa zuciyar Musulmi idan ya ji mushe shi ne haramci da najasa, kuma daidai ne, an haramta mana cin mushe. To amma mu aka haramta wa. Ita tsutsar ba mukallafa ba ce, kuma wannan gawar ƙudan ita ce arzikin da aka rubuta mata, kamar yadda aya ta 6 ta Suratu Hud ta sanar da mu cewa arzikin kowace dabba a wurin Allah yake. Kuskure ne mu ɗauki hukuncin da aka ɗora mana mu mayar da shi ma'aunin darajar halittar da ba a ɗora mata shi ba. Duniyar nan da muke takawa cikin tsabta, masu cin ƙazanta ne ke share ta dare da rana ba albashi. Shi kansa asu da muke tsine wa idan ya huda mana riga, yana daga cikin halittu ƙalilan da cikinsu ke iya narkar da sinadarin da ke cikin gashi da gashin tsuntsu da farce. Tun kafin ɗan Adam ya san saƙa ulu, aikin danginsa shi ne cinye gashi da tarkace a sheƙar tsuntsaye da ramukan dabbobi. A dazuzzukan Afirka akwai wani ɗan'uwansa, Ceratophaga vastella, wanda tsutsarsa ke cin ƙahon dabbar da ta mutu, bayan zaki da kura da ungulu duk sun gama nasu sun bar abin da ya gagare su. Ban ce kada ka sa wa kayanka maganin asu ba. Shari'a ta halatta tunkuɗe cuta, har ma hadisi ingantacce ya ambaci halittu biyar da ake kashewa ko a cikin harami saboda ɓarnarsu. Tunkuɗe cuta daban, raini daban.

Wanda ke son ya ga farashin raina mai cin mushe ya dubi Indiya. A shekarun 1990 aka yawaita ba shanu wani maganin ciwo mai suna diclofenac, wanda ke lalata ƙodar ungulun da ta ci gawar saniyar. Cikin 'yan shekaru wasu nau'o'in ungulu suka ragu da sama da kashi 95 cikin 100. Gawarwaki suka riƙa ruɓewa a fili, karnukan banza suka yawaita, ruwan sha ya gurɓace. Sai a 2006 aka hana ba dabbobi maganin. Wani bincike da aka wallafa a 2024 ya ƙiyasta cewa rashin ungulun ya jawo ƙarin mutuwar mutane kimanin 500,000 tsakanin 2000 da 2005. Mu ma ba mu tsira ba, domin tun 2015 aka sa ungulunmu ta mahauta cikin jerin halittun da ke daf da ƙarewa, kuma daga cikin dalilan har da cinikin kanta da sassanta don tsubbu da sihiri. Laifi biyu ke nan a ƙulli ɗaya.

Sai dai ba na so hujjata ta tsaya a kan amfani, domin in ta tsaya a nan tsutsar Oahu ta faɗi. In yau ta ƙare, babu gonar da za ta lalace, babu annobar da za ta ɓarke, gizo-gizon ma ba zai yi kewarta ba. Mutumin da ma'auninsa riba ne kawai ba shi da abin da zai ce a kanta. Musulmi kuwa yana da shi. Aya ta 38 ta Suratul An'am ta siffanta dabbobin ƙasa da masu tashi da fukafukai da cewa al'ummomi ne kamar mu. Bukhari da Muslim sun ruwaito labarin wani annabi da tururuwa ɗaya ta cije shi, ya sa aka ƙone gidan tururuwar gaba ɗaya, sai Allah Ya yi masa wahayin zargi a kan ya halaka al'umma guda mai tasbihi saboda cizon ɗaya. Ka lura, ba a ce masa ya halaka masu amfani ba. Abin da aka ambata shi ne al'umma ce kuma tana tasbihi. In haka ne, ƙarewar wani nau'in halitta a hannun ɗan Adam yana nufin an rufe bakin wata al'umma har abada, kuma babu gwamnati ko attajirin da zai iya dawo da ita.

Tsibiran Hawai sun ga irin wannan da yawa, kuma akasari da hannun masu ganin gyara suke yi. Sauro ya isa can a cikin jirgin ruwa a 1826, daga baya ya zama mai yaɗa zazzaɓin da ya yi ta kashe tsuntsayen da ba su taɓa sanin irinsa ba. A 1883 masu gonakin rake suka shigo da tunku don ya kashe musu ɓeraye, ba su yi la'akari da cewa ɓera da dare yake yawo shi kuma tunku da rana ba, sai ya koma kan ƙwan tsuntsaye. A 1955 aka shigo da wata katantanwa mai cin 'yan'uwanta don ta rage wata babbar katantanwa 'yar asalin Afirka da ta addabi lambuna, sai ta fi son cin ƙananan katantanwun bishiya na tsibirin. Ranar 1 ga Janairun 2019 ɗaya tilo da ya rage daga wani nau'insu, wanda masu kula da shi suka sa wa suna George, ya mutu a ɗakin bincike yana da shekara 14. A 2023 hukumar kula da kifi da namun daji ta Amurka ta cire nau'in halitta 21 daga jerin waɗanda ake karewa saboda sun riga sun ƙare, 8 daga cikinsu tsuntsayen Hawai ne. Wanda ya karanta farkon Suratur Rahman, inda aka yi maganar ma'auni aka kuma hana ƙetare shi, ba ya buƙatar dogon sharhi a nan. Ita mai tara ƙasusuwa abin da ya ɗan taimake ta shi ne ta iya zama a saƙar gizo-gizon da baƙi ne a tsibirin, ba don haka ba da wataƙila ta tafi kafin a san da ita. Gobarar daji guda ɗaya ko sabuwar tururuwa mai ɓarna na iya isar wa fili mai murabba'in kilomita 15.

Akwai ƙorafi biyu da nake girmamawa. Na farko, wani zai ce mutane na mutuwa da yunwa da yaƙi, 'yan'uwanmu na cikin sansanonin gudun hijira, kai kana kukan tsutsa. Ban musa ba cewa ran ɗan Adam shi ne a gaba, kuma in da za a ce in zaɓa tsakanin yaro ɗaya da duk tsutsotsin Oahu ba zan yi jinkiri ba. Amma wa ya ce in zaɓa? Awannin da muke ƙonawa a kan musun ƙwallo da zagin malaman ɓangaren da ba namu ba, ba daga lokacin taimakon 'yan gudun hijira muke ɗebo su ba? Zuciyar da ta saba da lura da ƙaramin abu ba ta rasa wurin babba. Ni abin da na fi gani shi ne akasin haka, yaron da aka bari yana cire wa fara ƙafa don wasa ba a tsawata masa ba, ba ya tashi da taushin zuciya ga mutane.

Na biyu ya fi nauyi. Masanan sun ƙiyasta ta hanyar nazarin ƙwayoyin gado cewa reshen da wannan tsutsa ta fito ya kai aƙalla shekara miliyan 6, alhali tsibirin Oahu kansa shekarunsa tsakanin miliyan 3 ne zuwa 4. Bayaninsu shi ne tsibiran Hawai duwatsu ne masu aman wuta da ke fitowa daga teku ɗaya bayan ɗaya, tsofaffin su zaizaye su nutse, sababbi su taso, su kuma ƙwarin su yi ta ƙaura daga tsoho zuwa sabo. Da jin miliyoyin shekaru, wasu 'yan'uwa sai su rufe shafin, su ce an zo da zancen Darwin. Wannan tsoro ya kori yaranmu masu hazaƙa da yawa daga ilimin halittu, kuma ina ganin asara ce babba. Asalin Annabi Adamu (AS) abu ne da wahayi ya yi magana a kansa, mun ji mun bi. Shekarun dutse da hanyar da ƙwaro ya bi ya ƙetara teku kuwa abubuwa ne da aka bar wa ido da awo, kuma aya ta 20 ta Suratul Ankabut ɗin nan dai ita ce ke umartar a yi tafiya a cikin ƙasa a dubi yadda aka fari halitta. Wanda ya bayyana maka yadda abu ya gudana bai kore Wanda Ya gudanar da shi ba, sai dai in shi ya ƙara wannan daga aljihunsa, kuma ɗalibi mai tushe zai iya rarrabe awo da ra'ayi. Gudun fagen baki ɗaya shi ke bar wa wasu su kaɗai su yi awon su kuma yi fassarar.

Lokacin da aka wallafa rahoton a 2025, wannan tsutsa ba ta ma samu sunan kimiyya na kanta ba, laƙabi kawai gare ta. Haka dubban ƙananan ƙwari suke a duniya, musamman a ƙasashe masu zafi irin namu, inda masu nazarinsu ba su da yawa. Malamanmu sun ce duk ilimin da al'umma ba ta wadatuwa ga barinsa farilla ce ta kifaya, kuma al'ummar da ƙwari ke cinye mata wake a rumbu da masara a gona, sauro ke kashe mata jarirai, ba ta da bakin cewa ilimin ƙwari na wasu ne. Wanda aka ba wannan fanni a jami'a ya riƙe shi da niyya mai kyau, ya daina kallonsa a matsayin ragowar abin da masu sa'a suka bari. Wanda kuma ba ɗalibi ba, wayar da ke hannunsa ta isa farawa. Ya ɗauki hoton ƙwarin da ke taruwa a fitilar ƙofar gida da damina, ya rubuta rana da wuri, ya ɗora a manhajar iNaturalist inda masana daga ƙasashe daban-daban ke taimakawa wajen gane su. Ya duba kusurwar ɗaki da bayan kabad, domin akwai wata 'yar tsutsa mai yawo da kube shimfiɗaɗɗe kamar ƙwayar kabewa a jikin bango, tana cin gashi da tsohuwar yana, da yawanmu mun sha share ta da tsintsiya muna zaton datti ne. Ya sa ta a kan farar takarda ya jira minti biyar, zai ga kai ya leƙo ta wannan baki, in ya taɓa ta kuma ta juya a ciki ta leƙo ta ɗaya bakin.

A rubutu na gaba, in Allah Ya kai mu, zan ɗauko maganar ungulu da masu cinikin kanta a kasuwanninmu, da abin da malaman Malikiyya suka ce game da kashe dabbar da ba ta cutar da kowa ba.